Jif ɗin Ngo Chundung

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Shekara talatin da 'yan kai ina cire wa motocin mutane wani ɗan ƙarfe ina jefawa a bokiti, masu motar suna yi mini godiya, wasu har da goro, alhali ban san aikin da ƙarfen yake yi ba. Ban taɓa tambaya ba. Sai da gemuna ya yi fari fat sannan na gane, a bakin tukunyar mai shayi. Ni ne Sale, wanda ake ce wa Sale Jif, mai gareji a bayan kasuwar Katako a nan Jos. Karatuna aji uku ya tsaya, shi ma ukun sau biyu na yi shi, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sifana.

Saboda ku nake wannan wahala, ku samarin da kuke yawo da 'yar na'ura a aljihu, ku soka ta ƙarƙashin sitiyari ta faɗa muku ciwon mota, ku ce ai kanikanci ba komai ba ne. Yanzu kowa a Jos gwanin rage shan mai ne. To ku zauna ku ji yadda na rage wa wata baiwar Allah.

Aikin farko da maigidana Malam Buba ya bari na taɓa da hannuna, jif ce ta wani mai sayar da katako. Kafin nan shekara biyu na yi ba abin da nake sai wanke noti a cikin yankakken galan da miƙo sifana, in na miƙo lamba sha uku maimakon sha huɗu in sha ranƙwashi. Ran nan ya nuna mini wuyan da tiyon lagireto na sama yake shiga inji, ya ce in kwance noti biyu. Na kwance. Sai ga wani ɗan abu kamar murfin gwangwanin madara, da sifirin a gindinsa.

Na ce, "Maigida, wannan fa?"

Ya ce, "Tamosta ke nan, rigar sanyin Bature. Su can ƙanƙara ke zuba musu. Mu nan in ka bar shi wuta zai sa wa inji. Jefa a bokiti."

Na jefa. Ya kuma koya mini haɗa wayar fanka kai tsaye, yadda da an murza makulli za ta kama juyi ba tsayawa. Shi Malam Buba a Sakkwato ya koyi aiki, inda in ka manta sifana a rana sai da tsumma za ka ɗauke ta. Amma wannan magana a Jos muke yin ta, ina sanye da suwaita biyu, shi da hular sanyi har kunne, bakinmu na fitar da tururi. Ko a jikina. Da Allah ya karɓi ransa, abu uku na gada: akwatin sifanu, jak, da bokitin nan. Na ci gaba da cika shi.

Jif ba kamar sauran motoci ba ce, shi ya sa na zaɓe ta. Farfela biyu gare ta a ƙarƙashi, wato sandunan ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ɗaya baya, ɗaya gaba. A kan kwalta ta baya ce ke aiki. In an shiga taɓo ko dutse, sai a murɗa ɗan makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, a ja ƙaramar giya, ƙafa huɗu su kama ja. Dokin dutse ke nan. Amma cinta ma na doki ne.

Shekarar da fetur ya yi tashin da ya yi, ban taɓa ganin irinta ba. Jif-jif ɗin da nake taƙama da su duk aka lulluɓe su da tamfol a gindin mangwaro, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Sai in wuni a gareji ban kwance noti ɗaya ba. Wanda ya zo kuwa maganarsa ɗaya ce: "Oga Sale, rage mini shan mai." Dabaru suka cika gari. Wani ya zuba kafur a tanki, motarsa ta dinga wari kamar adakar tsohuwa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na fasa matattun rediyo na ciro maganaɗisu ina ɗaura wa mutane a jikin bututun mai. Wani malamin makaranta ya dawo ya rantse mini motarsa ta rage sha. Na ce ai dama. A raina na ce tafiya dai ka rage, malam.

Cikin wannan hali, a watan Agusta, Ngo Chundung ta shigo gareji. Ngo a bakin mutanen Birom kamar a ce Mama ne. Ta ba sittin baya, gajeruwa ce, sai ta ɗora matashi a kujera take hango hanya, amma ita ke tuƙa jif ɗinta da kanta. A Daɗin Kowa take zaune, gonarta ta kabeji kuwa tana wani ƙauye a kan dutse bayan Vom. Motar ta marigayi mijinta ce, Malam Pam, kuma tun ranar da ya sayo ta, shekara sha biyar da suka wuce, ni nake duba ta. Tsoho take kiran motar.

Ta sauko ta ce, "Malam Sale, Tsoho zai kashe ni. Zuwa gona sau ɗaya da dawowa, jarka guda yake shanyewa tas."

Na ce, "Ngo, tsufa ne. Ni ma yanzu tuwo biyu nake ci."

"Bar wasa. Davou ya samo mai saye." Davou ɗanta ne, yana aiki a Abuja. "Ya ce ƙarshen wata za su zo. Wai kabejin gaba ɗaya a tankin Tsoho yake ƙarewa, in sayar in zauna a gida in huta."

"To ki huta mana."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Wace motar haya ce za ta hau dutsen nan? In Tsoho ya tafi, gona ta tafi. Mata shida ke aiki da ni a can. In huta in yi me, in ƙirga kajin maƙwabta?"

Na ce ta bar mini shi kwana ɗaya.

Da na shiga ƙarƙashi, na tarar makullan tayoyin gaba sun cije a kulle, tsatsa da taɓo sun haɗe su. Wato ko a kan kwalta, tayoyin gaba suna jan farfelarsu tana juyi a banza. Aikin gaskiya shi ne a kwance su, a wanke, a sa giris, wuni guda ke nan. Ni kuwa sai wayo ya zo mini. Noti huɗu nan, huɗu can, na zare farfelar gaba ɗungurungum na tura ƙarƙashin benci. Na ce an rage nauyi, an rage juyi. Ban taɓa zuwa gonarta ba, ban kuma tambaye ta yadda hanyar take ba. A raina na ce tsohuwa mai ɗora matashi ina ruwanta da ƙaramar giya.

Da ta zo ɗauka ta ce, "Me ka yi masa?"

Na ɗaga kai na ce, "Sirrin sana'a ne, Ngo."

Kwana uku bayan nan, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Muryarta a kwance, ba ihu ba komai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Malam Sale, ina bakin rafi. Gaba a kulle yake, na ja ƙaramar giya, Tsoho baya kawai yake haƙa. Ka zo."

Na ari babur ɗin maƙwabcina, na ɗaure farfela a baya da roba, na kama hanya. Ashe daga inda kwalta ta ƙare, hanyar ba hanya ba ce, wurin da ruwa yake bi ne in an yi sama, mutane suke aro in ya wuce. Sau biyu ina faɗuwa. Da na sauko gangaren rafin na ga abin da na gani, sai da na kashe babur na tsaya baki buɗe. Jif ta nutse da baya har ƙofa, ta karkace gefe guda, igiyar kaya ta tsinke, buhuna sun zube cikin ruwa sun fashe. Kabeji ne ke tafiya a kan ruwa kamar kawunan mutane. Matan nan shida sun tattare zannuwa suna bin su suna kamawa. Ita kuwa tana zaune a kan dutse, ta ɗora jaka a cinya kamar tana coci.

Ta dubi bayan babur. "Wannan sandar fa?"

Na ce, "Ta Tsoho ce."

"Ta ina?"

"Ta... ta gaba."

Sannan ta ce, "Wato ka cire masa ƙafa biyu, ka bar ni na hau dutse da shi da kaya. Shi ne sirrin sana'a?"

Ta juya ta faɗa wa matan da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na fahimci duka. Wata doguwa a cikinsu ta riƙe kabeji a hannu tana auna kaina da shi.

Na kwanta a cikin jan taɓo, ruwa na shiga mini kunne, na mayar da noti takwas. Ngo ta shiga, ta ja ƙaramar giya, Tsoho ya yi gurnani ɗaya ya fito kamar ba shi ba. Amma rana ta riga ta yi. Manyan motocin da ke lodin kayan gwari zuwa kudu sun tashi tun kafin azahar. Kabejin da aka tsamo duk ya sha ruwa ya farfashe, masu kiwon alade ne suka kwashe shi daga baya. Noman wata uku.

Aka ɗora babur a bayan jif, na zauna kusa da ita, jikina sharkaf, haƙorana na haɗuwa. Na leƙa allurar mai, na ga ta yi ƙasa kamar kullum. Wato ko cokali ban rage mata ba.

Na ce, "Ngo, don Allah kunna abin ɗumi."

Ta ce, "Wane ɗumi? Tun ranar da baban Davou ya dawo da shi daga garejinka, iska mai sanyi kawai yake hurawa. Kullum da safe sai na tashe shi na bar shi yana aiki, in yi addu'a, in sha shayi, in yi wanka, wai ko zai yi ɗumi. Allurar zafi ko motsi."

Kun san me na ce? Ina cikin taɓo har gira, amma sai da na yi taƙama. Na ce, "Ai aikina ne wannan. Motar da ta bi ta hannuna ba ta zafi."

Ta ce, "To. Ni dai a kicin, tukunyar da ta ƙi yin zafi ita ke cinye mini itace."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, tana ma kauce wa rami ne. Amma maganar ta shige ni ta zauna.

Kafin mu kai gari Davou ya kira, labari ya riga ya kai masa. Ta sa wayar a fili. Abin da ya kira ni da shi da Turanci, na gode wa Allah da na tsaya a aji uku. Ya ce ba sauran jiran ƙarshen wata, ran Asabar zai zo da mai saye. Ta kashe waya ta ce, "Ka ji. Kwana biyar gare ka. Kuma duk abin da za ka cire, sai na gani da idona."

Washegari da sassafe na zuba hannu a bokiti na ɗauko tamosta ɗaya. Karon farko ke nan da na dube shi da kyau. Na goge tsatsar, na ga lamba 82 da ɗan zagaye a samanta, irin wanda nake gani a jikin abin auna zazzaɓi. Na ce to, abin nan da zafi yake magana, bari in ba shi zafi in ji me zai ce. Na ɗaura masa waya na nufi teburin Isiya mai shayi.

Isiya ya ce, "Baba Sale, yau kuma ƙarfe za a dafa? Abin har ya kai haka? Ai da ka yi magana, sai in ba ka burodi."

Na ce, "Zuba mini ruwan zafi a tsohon gwangwani, ka ɗora a wuta, ka rufe mini baki."

Na zura shi a ciki. Muka sa ido, ni da Isiya da wasu masu lodin katako biyu da ke karyawa. Ruwa ya fara 'yar kumfa. Sai kawai na ga abin nan ya motsa. Sifirin ya matse, tsakiyarsa ta ja baya, ya buɗe baki a hankali, shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Isiya ya ja da baya da ludayi a hannu. "Kai! Da rai a jikinsa?"

Na ɗaga shi sama, iskar safe ta buge shi, ya rufe bakinsa ruf. Na mayar, ya buɗe. Na fitar, ya rufe. Sau bakwai na yi, har shayin mutane ya huce. Na zauna a benci.

Ashe mai gadi ne. In inji da sanyi, sai ya tare ruwa ya hana shi zuwa lagireto har inji ya yi ɗumi. In zafi ya kai, ya buɗe ƙofa da kansa. Ni kuwa na kori mai gadi, na bar ƙofa a wangale, na kuma sa fanka tana hura masa iska dare da rana, a garin da ake kwana da bargo biyu. Kuma na san cok. A tsofaffin motoci, in da sanyi sai ka ja cok, mota ta sha mai da yawa har ta ɗumama, ka mayar. Irin su Tsoho kuwa kwamfutar cikinsu ce ke ja da kanta, ba ta sakewa sai ta ji ɗumi. Ɗumin da bai taɓa zuwa ba. Shekara sha biyar matar nan da mijinta suna hawa dutse da cok a jawo, kuma ni na ja musu.

Isiya ya ce, "Baba, lafiya? Ka yi fari."

Na ce, "Ba ni shayi. Kar ka sa sukari, ban cancanta ba."

Kwana biyun da suka biyo baya na yi aikin da ya kamata in yi tun farko, Ngo tana zaune a kujera tana kallo. Na sayo sabon tamosta, sai da mai shagon ya hau tsani ya kakkaɓe kwalin, ya ce ni ne bakanike na farko da ya taɓa tambayarsa. Na mayar da fanka kan na'urarta, ta riƙa tashi sai in da buƙata. Na kwance makullan gaba na wanke da kananzir na cika su da giris, na ce ta riƙa buɗe su da ta hau kwalta. Matatar iska ta toshe kamar an yaɓa mata laka, na canza, da fulogi. Tayoyi huɗu kowacce da irin iskarta, na kai wa mai faci ya daidaita da ma'auni, ba da naushi ba. Akwai wani ƙaton ƙarfe da marigayi ya sa aka yi wa motar walda a gaba, sai da mutum uku suka sauke shi. A nan ne kawai ta yi gardama, ta ce a kai mata shi gida, ba za a sayar wa 'yan gwangwan ba. Na kuma ce ɗumamar safe ta ƙare: ta tashe shi, ta gyara matashi, ta ja a hankali.

Ran Juma'a muka cika tanki har wuya, muka kama hanyar gona tare. Ba mu wuce Bukur ba na ga allurar zafi ta ɗaga. Jama'a, shekara talatin duk allurar da ta ɗaga a gabana, mota ce za ta ƙone. Ta ci gaba da hawa. Hannuna ya tafi wajen makulli da kansa. Ngo ta buge shi.

"Ka ce mai gadi ne. Bar shi ya yi gadinsa."

Allura ta kai tsakiya. Ta tsaya. Muka hau dutse, muka tsallake rafin nan da ƙafa huɗu, muka yi lodi, muka sauko, tana nan tsakiya kamar an kafa ta da ƙusa. Wajen gangare Ngo ta murɗa wani abu, sai na ji iska mai ɗumi a ƙafafuna. Can ta ce, "Baban Davou ya sha sanyi a motar nan."

Ran Asabar da safe Davou ya iso garejin da mai saye, wani mai ƙaton agogo da tun kafin ya gaisa ya fara harbin taya da ƙafa. Davou ko kallona bai yi ba. Ngo ta sa aka kawo jarkarta cike, wadda tafiya ɗaya take shanyewa. Ta ce, "Jiya mun je mun dawo, ba a ƙara ko ɗigo ba. Davou, kai za ka zuba da hannunka, kar ka ce an yi maka dabo."

Ya naɗe hannun riga ya fara zubawa. Ni ina tsaye ina karanta duk abin da na haddace. Jarka ta yi rabi, tanki na karɓa. Ta wuce rabi, yana karɓa. Na ce shi ke nan, na kashe gona. Sai na ji ƙurrr a wuyan tanki, mai ya taso ya zubo masa a takalmi. Ya sauke jarkar ya girgiza. Kashi ɗaya cikin huɗu na nan a ciki.

Ta ce, "Man tafiya uku zai kai ni huɗu. Da wannan zan iya." Ta juya wajen mai agogo. "Oga, sannu da hanya. Tsoho ba na sayarwa ba ne."

Davou ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe. Ni kuwa har na fara gyara hula, ina shirin cewa ai dama na san za a yi haka.

Ta zagaya bayan gareji neman ruwan da ɗanta zai wanke takalmi. Can na ji ta kira ni. Na same ta tsaye a kan bokitin Malam Buba, wanda ya cika ya tumbatsa har na ƙara masa da tsohon daro. Ta sa ƙafa ta taɓa, suka yi ƙara. Ta daɗe tana kallo. Abin da ta tambaye ni, yau shekara biyu ke nan, kullum sai na wuce ta gaban bokitin, kuma har yanzu ban ba ta amsa ba.

Ta ce, "Malam Sale, ni ka mayar mini da nawa. Su masu waɗannan fa, wa zai je ya gaya musu?"